Ranar da Na Yi wa Teku Ihu

Ko zan manta komai na zamana a Manchester, ban da Asabar ɗin da maƙwabtana suka kai ni bakin teku.

Ina shekarar farko ta karatu a lokacin, na bar mijina da ɗana na fari a Kano. Wata takwas rabona da su. A gidan da nake haya a unguwar Whalley Range akwai Anti Rabi da mijinta Baba Iddirisu, 'yan Kumasi, sun girme ni nesa. Ita ta lura ina ramewa, ta ce, "Gobe za ki bi mu Wales, ki sha iska."

Wurin gandun shaƙatawa ne na gwamnati a bakin teku. Ana ajiye mota a sama, sai a gangara ta wata siririyar hanya zuwa wani ɗan lungu da duwatsu suka rufe ta ɓangare uku. Suka shimfiɗa tabarma a kan tudu, ni na sauka ni kaɗai.

Babu kowa. Yashi, ruwa, tsuntsaye biyu. Na tsaya ina kallon ruwan, na raya a raina cewa bayansa gida yake. (Daga baya na gano ƙasar Ailan nake fuskanta.) Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Ni da ko a waya ba na kama sunan mijina, sai ga ni ina kwarara shi da iya ƙarfina: "Kabiru! Na gaji! Ina kewarka!" Na kira ɗan farin ma da sunansa. Na ƙara da wani suna da nake kiran uban a ɗaki, wanda ba zan rubuta a nan ba. Har da 'yar waƙa. Na yi kuka, na wanke fuska, na hau sama ina jin sakayau.

Ashe duwatsun nan ɗaukar murya suke su kai ta tudu tiryan-tiryan.

Na tarar Baba Iddirisu ya duƙufa yana ɓare lemo kamar aikin albashi. Anti Rabi na zuba shinkafa da wake, ba ta ɗago ba. Muka ci rabin abincin. Can sai Baba ya yi gyaran murya ya ce, "'Yata, ya amsa kuwa?"

Na ja gyale na rufe fuska. Anti Rabi ta daka masa harara, ta lalubo katin waya daga jakarta ta tura mini a cinya. "Idan mun koma ki kira shi, ki faɗa masa yadda kika faɗa wa ruwa. Ni na yi shekara huɗu kafin wannan ya ɗauko ni. Banɗaki nake shiga in yi nawa kukan."

Na kira shi da yamma. Da na ji muryarsa sai na ce, "Ya gida? Ya yaron?"

Tun ranar, in kewa ta ishe ni, sai na fara duba inda manya suka zauna.