Ƙaryar Shafin Ƙarshe

"Lahiya lau, sai dai jiran mijin banza," in ji Kaka Tabawa, tun Nassirou bai gama cire takalmi ba.

Mako uku ke nan jikan nata, in ya aje taksi bayan la'asar, yake karanta mata wani littafin ƴan sanda da ya saya bakin titi a unguwar Plateau, yana juya mata Faransancin zuwa Hausa. Labarin wani direba ne da ya fita da safe bai dawo ba, da komisan ƴan sandan da ke nemansa. Yau saura shafi biyu, kuma Nassirou ya riga ya leƙa: a rijiya aka sami gawar. Shi ya sa ƙafarsa ta yi nauyi. Shekara tara da uban Nassirou, ɗan Kaka, ya bi hanyar Agadez, shiru kamar an shuka dusa, tsohuwa kuwa duk Salla sai ta wanke rigarsa ta goge.

"Au, ba ki mutu ba? Ni har na zo ɗaukar gawa."

"A taksin da sai an tura? Gara in tafi da ƙafata. Karanta mini, komisan nan ya hana ni barci."

"Ina raye kike son wani?"

"Shi namiji ne, yana bin sawu. Kai ko hularka ba ka san inda ka aje ba."

Nassirou ya buɗe littafi, ya gyara murya. Ya ce komisa ya bi sawu har Kwatano, ya tarar da direba lafiya ƙalau yana sayar da kifi, ya sako shi a mota ya kawo wa uwarsa.

"Kifi?"

"Kifi."

"Mutumin da ka ce mini warin kifi yana sa shi amai? Ramin ƙarya ƙurarre ne, angon ƙarya. A rijiya aka same shi."

Littafin ya kusa suɓuce masa. "Wa ya gaya miki?"

"Halimatou ta maƙwabta. Tun makon farko na sa ta karanta mini ƙarshen. Ni da ban san ranata ba, zan zauna jiran mai karatun hawainiya?"

"To, me ya sa kika bar ni ina ta wahala?"

"In ga ko bakinka zai iya cewa 'ya rasu'." Ta murza carbi. "Uwar direban nan murna na yi mata. Ita ta san inda nata ya kwanta. Ni don kai nake wankin rigar nan, kai kuma don ni kake ƙarya. Har yaushe?"

Nassirou ya koma shafin, ya karanta shi yadda yake, rijiya da jana'iza duka. Muryarsa ta karye sau biyu, amma ya kai ƙarshe.

Kaka ta jawo rigar daga ƙarƙashin matashi ta ɗora masa a cinya.

"Ran Juma'a ka sa ta, ka kira malamai a yi wa ubanka addu'a. In ma yana raye, addu'a ba ta kisa."

Ya zura ta. Hannayen riga suka shanye yatsunsa.

"Ta yi mini yawa."

"Ka ga abin da ya sa nake son komisa?"

Ya yi dariya, ya goge ido da hannun rigar. "Kin ci, tsohuwa. Juma'a."