Donot Ɗin Alhaji Mudi da 'Yan Dubiya

Duk wanda ya san Alhaji Mudi ya san abu biyu ne ba ya so a duniya: a ce ya tsufa, da kuma a yi taro ba shi ne a kujerar tsakiya ba. Maƙwabcina ne, katanga ce kawai ta raba mu, saboda haka wannan labari ba a bakin wani na ji shi ba. Tun da ya yi ritaya daga aikin gwamnati yake neman abin da zai shugabanta, sai ga shi wa'adin shugaban ƙungiyar ci gaban unguwarmu ya ƙare. Kujera ce da ba albashi, aikinta bai wuce sa ido a yashe kwata da tara mutane in taransifoma ta ƙone ba, amma Alhaji ya ɗauke ta kamar gwamna zai zama. Matsalarsa ɗaya: wani matashi mai shagon taya, Lawandi, shi ma ya fito takara, yana bi majalisa-majalisa yana cewa aikin na masu jini a jika ne, dattawa su zauna su sa albarka. Maganar nan ta tsaya wa Alhaji a rai ƙwarai.

Ana cikin haka 'yarsa da ke aure a Abuja ta turo masa wani bidiyo ta waya. Wata Baturiya ce mai siririn wuya take bayanin cewa akwai wani abu a cikin alkama wai shi guluten, shi da madara su ne masu saurin tsofar da mutum. Daga nan ta nuna yadda ake donot na tuffa da kayan ƙamshi, ba fulawa, ba madara, ba suya. Ita yarinyar ta turo ne don mahaifinta ya rage dukan shayi da burodi. Shi kuwa da ya kalla sai ya ga ai makamin yaƙin neman zaɓe ne ya zo masa har gida. Zai raba wa dattawan unguwa, su ga cewa shi ɗan zamani ne mai kula da jikinsa, wanda zai binne irin su Lawandi goma yana nan daram.

Ya kira mai ɗakinsa, Hajiya Kande, ya nuna mata. Ta kalla har ƙarshe, ta miƙa masa wayarsa.

"Alhaji, ni donot ɗin da na sani da fulawa ake yi, a sa madara da bota, a tsoma a mai. In an cire duk waɗannan, me ya rage?"

"Lafiya ta rage," in ji shi.

"To Allah ya ba da sa'a. Ga kicin can, ba a kulle yake ba."

Haka Alhaji ya ɗaura tsohon zaninta a kan jallabiyarsa ya shiga kicin, wurin da ni dai ban taɓa jin ya taka ba sai in ruwan sanyi yake nema. Ya goge tuffa, ya zuba a garin shinkafa, ya sa ɗan sukari, ya barbaɗa girfa da kanumfari da citta da gyaɗar ƙamshi, ya kwaɓa da ruwan aya da man kwakwa. Ya mulmula da hannu, ya huda tsakiya da murfin kwalba, ya jera a murhun gashi. Gaskiya a faɗe ta, ƙamshi kam ya yi, don har gidana sai da aka leƙo ana tambayar wa ya sa turaren wuta. Ni aka fara kira ɗanɗano. Bayansa ya yi tauri kamar ƙanzo, cikinsa kuwa kana gatsa sai ya wargaje ya bi ya manne a dasashi. Na ce ma sha Allah, na nemi ruwa.

Da kansa ya ɗauki kwanuka ya bi gidajen dattawa, don ba ya so a aika wani ya ɓata bayanin. Duk ƙofar da ya tsaya sai ya buɗe murfi yana murmushi: "Wannan shi ne abincina yanzu. Babu alkama a ciki, babu madara, babu bota, sukari ɗan kaɗan ne, kuma bai ga mai ba, gasawa aka yi."

A nan Alhaji ya yi kuskure, ya manta garin da yake. Mu nan da abin da aka zuba wa abinci ake yabonsa: ya ji mai, ya ji nama, ya sha madara. Abincin da ake lissafa abin da babu a cikinsa, a wuri ɗaya muke jin labarinsa, wato bakin gadon asibiti. Ga kuma magidanci mai iyali ya shiga kicin da kansa, ya fito yana bin gidaje yana rabon abinci yana murmushi. Dattawa suka karɓa suka yi godiya, yana juya baya suka dubi juna. Kafin la'asar magana ta gama unguwa: likita ya hana Alhaji Mudi komai, har ya fara rabon sadaka yana neman gafara.

Washegari 'yan dubiya suka fara sallama. Wannan da ledar lemo da ayaba, wancan da kunu a fulas, wata tsohuwa har da jiƙon saiwa a jarka. Na shiga na tarar falo ya cika, Alhaji na tsakiya yana raba ido. Baba Tsalha, wanda shi ne babban dattijon unguwa kuma shi ke jagorantar zaɓe, ya matso ya dafa gwiwarsa.

"Alhaji, ya jikin?"

"Wane jiki, Baba? Lafiyata ƙalau."

"Alhamdu lillahi. Haka ake so, ƙarfin hali. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne."

Falo ya ɗauka da amin.

"Baba, ba ka gane ba. Ni fa ko ciwon kai ba na yi."

"Ai irinsa ya fi haɗari," in ji wani daga baya, "ba ya nuna alama. Haka marigayi yayana ya yi ta faɗa."

Na tausaya masa, amma me za ka ce? A wajenmu ba a taɓa tambayar mara lafiya ya jiki ya ce da tsanani ba, ko numfashi yake ja da ƙyar zai ce da sauƙi. To wanda ya ce lafiyarsa ƙalau, ai sai a ce ya fi kowa tawakkali. Duk rantsuwar da Alhaji ya yi, sai ta ƙara musu tausayinsa. Ya miƙe zai raka su, suka zaunar da shi da ƙarfi. A masallaci aka ajiye masa kujerar roba a ƙarshen sahu. Mai nama ya daina ba shi mai kitse, wai ba za a haɗa baki da shi ba. Hajiya Kande kuwa, da ya kamata ta wanke shi, ta ga lemo da kaji suna shigowa gida, duk wadda ta tambaye ta sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Sai dai addu'a."

Ranar zaɓe aka taru a filin makarantar firamare, aka shimfiɗa tabarmi a inuwar darbejiya. Alhaji ya zo da shiri, ya sha farar shadda, ya ƙi kujerar da aka miƙo masa ya tsaya a kan ƙafafunsa. Kafin a fara ɗaga hannu sai Lawandi ya nemi izinin magana, ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Iyayena, ni ban taso a gidan da ake ja da mara lafiya ba. Na janye. A ba Alhaji kujerar nan ya ji daɗi, kada ya tafi da ita a ransa. Ni na yarda in zama mataimaki, in ya so duk abin da Allah ya yi, ina kusa."

Wuri ya ɗauki sa albarka. Wasu har da share ido. Baba Tsalha ya ce wannan shi ne tarbiyya, ya tambaya ko akwai mai ja, aka yi tsit. Kujerar da Alhaji ya hana kansa barci a kanta ta zo har gabansa, abin da ya rage kawai ya ce na gode ya zauna. Na ja masa bakin riga ina raɗa masa ya yi shiru. Ina, wannan "ina kusa" ta Lawandi ta riga ta shige shi. Ya fizge rigarsa ya fito tsakiyar fili.

"Jama'a, ku saurare ni da kyau. Ba na son kujerar tausayi. Wallahi babu likitan da ya hana ni komai. In na ga dama yau ɗin nan sai in cinye burodi guda da madara gwangwani biyu. Abin nan da na kawo muku, ni na gani, ni na zaɓa, ni na kwaɓa da hannuna, da lafiyata da ƙarfina, kuma shi zan ci gaba da ci don ina so."

Baba Tsalha ya daɗe yana kallonsa, ya kai harshe ya taɓa dasashinsa kamar mai tuna wani abu.

"Alhaji, kana nufin ba a tilasta maka ba? Ga fanke a bakin titi, ga ƙosai, ga waina, ka tsallake su duka ka zaɓi wancan?"

"Ƙwarai kuwa. Jikina garau yake."

Baba Tsalha ya juya wajen Lawandi ya ce ya mai da hularsa, zaɓe na nan. Sannan ya dubi Alhaji cikin tausasa murya.

"Mu da muka ce jiki ne, asiri muka rufa maka. Tunda ka rantse jiki garau yake, to saura mu duba kai."