Kifin Gwamnati da Kunun Yafendo

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin na yarda na rubuta wannan labari, don har yau idan na tuna shi sai zufa ta keto mini. Amma mantawa kam, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka aike ni da kifi ba.

Lokacin ana Jihar Arewa maso Gabas, ni kuwa ina ɗan lebura a wajen 'yan duba-gari a Jimeta. Aikina in bi kududdufai ina zuba baƙin mai don tsutsar sauro ta mutu. Burina ɗaya a duniya: a ba ni kaki, in zama duba-gari sosai.

To, akwai wani gandun daji can gaba da Yola, wanda aka hana farauta a ciki. A bakinsa akwai tafki, sauron tafkin kuma ya addabi ƙauyen da ke kusa, yara sai fama da zazzaɓi. Mai gadin daji ya rantse ba mai zuba baƙin mai inda barewa ke shan ruwa. Sai Oga, shugabanmu a wajen aiki, ya kawo dabara: a saki 'yan mitsi-mitsin kifi masu cin tsutsar sauro. Har wani babba zai zo daga Maiduguri ya gani.

"Kai ne mai tsoron kuskure," in ji Oga. "Kai za ka kai su. In abu ya yi kyau, kakinka ya fito. Kada ka riƙa buɗe murfi rana ta dafa su."

A bakin kogi aka zuba mini kifin a bokiti mai murfi, na ɗaure shi a bayan keke, na lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu. Kowane rami na shiga sai na ce wa kifin sannu. Da na iso Wuro Hausa tayar baya ta sace, sai na shiga gidan Yafendo, ƙanwar mahaifiyata, na sauke bokitin a inuwar rumfa.

"Daga bakin kogi kake, bingel am?" in ji ta, wato ɗana da Fulatanci.

Na ce e, na fice neman mai faci. (Ban ce mata komai game da kifin ba. A ganina sirrin gwamnati ne.) Na manta cewa a gidanmu wanda ya fito daga bakin kogi ya dire kaya a rumfa, to tsaraba ya kawo.

Da na dawo, Yafendo ta ajiye mini tuwo da soyayyen kifi ƙanana, an barbaɗa yaji. Na ce ina sauri, ta ce ba a fita gidanta da yunwa. Na ci. Na suɗe hannu. Har na ce, "Yafendo, ina kika samo kifi mai daɗi haka?" Ta yi dariya ta ce, "Kai dai da wasa."

Bokitina yana nan a rufe da buhunsa, da nauyinsa. Na girgiza kaɗan, na ji motsi a ciki. Abin da ya dame ni kawai, gefensa da ɗumi. Hankalina ya tashi, na ce zazzaɓi ya kama kifin gwamnati. Duk rijiyar da na wuce sai na tsaya na yayyafa wa buhun ruwa, ina addu'a. Murfi dai ban buɗe ba, tunda an hana.

A bakin tafki na tarar da Oga, da baƙon Maiduguri cikin farar riga, da Jauro, wato mai garin ƙauyen, da mutanensa, da mai gadin daji riƙe da sanda. Oga ya yi jawabi, ya ce yau sauro ya gamu da maganinsa. Sannan ya yafito ni.

Na naɗe wando, na shiga ruwa har gwiwa, na yi bismilla, na cire murfi na tuntsurar da bokiti gaba ɗaya, fuskata tana wajen baƙo don ya ga ladabina.

Ƙamshi na fara ji. Da na duba ƙasa, kunun gyaɗa ne fari sol yake malala a kan tafki, har da shinkafarsa. Yafendo ba ta mayar da mazubi fanko.

Can Jauro ya leƙo ya ce, "Wannan magani, a garinmu da safe ake shan sa."

Mai gadin daji ya dangwala yatsa ya lasa. "Har da tsamiya," in ji shi. "Yaro, kashe sauro ka zo yi ko yaye shi?"

Baƙon Maiduguri ya tambaya a hankali, "Ina kifin?"

Ni ba na iya ƙarya, ko ta ceton rai. Na dafa cikina. Wallahi abin da na yi ke nan, a gaban kowa, ina tsaye cikin kunu. Jauro ya zauna a ƙasa don dariya, Oga kuwa ya cire hula ya rufe fuskarsa.

Kaki bai fito a shekarar ba. Wani aka ɗinka wa, ni aka mayar da ni kwatocin unguwar Karewa da garwar baƙin mai, kuma har na bar aiki sunana Mai Kunu. Abin da na koya shi ne, a bi umarnin oga, amma a leƙa bokiti tukuna. Kuma duk sirrin da aka ɓoye wa Yafendo, a kasko yake ƙarewa.

Abu ɗaya ke hana ni sukuni. Ban taɓa samun ƙarfin halin komawa ƙauyen nan ba, kuma ina tsoron kunun ya ƙara wa sauron ƙiba ne, yara suka sha wahala saboda ni. Don Allah, in akwai mai karatu ɗan wajen, ko wanda kakansa ya tsaya a bakin tafkin ran nan, ya sanar da ni: an sake kai wasu kifin kuwa? In an kai, da rai suka isa?