Rasuwar Firizar Dakta Scholastica

Da zuciya cike da baƙin ciki, kai kuma a sunkuye, Dakta Scholastica ta Barnawa na sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar firizarta, wadda ta cika ranar Asabar bayan gajeriyar jinya.

Marigayiya ba ta da hayaniya. "Hummm" kawai take cewa, ta kama aiki. Shekara da shekaru ta riƙe amanar binciken Dakta: jinin mutane da saifar ɓeraye da gafiyoyi, waɗanda ake kwatantawa don a gano a kan wane kuromosom ƙwayoyin gadon da ke tayar da garkuwar jiki suke zaune, a jikinmu da jikin ɓera. Da wutar ɗakin bincike ta zama sai an ga dama, Dakta ta ɗauko ta gida inda akwai sola, kayan duk cikin tsofaffin robobin bota.

Kara ce ta jawo ajali. Matan Zumunta na coci suka ji labarin firizar da ba ta ɗaukewa, sai ga kunun aya, ga kifi, ga kajin Kirsimeti. Dakta ta kasa cewa a'a, ta kuma kasa faɗin abin da ke kwance a ƙasa. Rabin saniyar bikin godiya ne ya ƙarasa baiwar Allah. Murfi ya ƙi rufuwa, ta yi ta nishi, ta ce "ƙit", shi ke nan.

Mama Rhoda, shugabar Zumunta, ta zo da mata ceton nama. Garin kwashe kaya ta buɗe roba guda, ta leƙa, ta karanta rubutun da ke jikin robar.

"Haba Dakta! Gafiya? Tun Ista muke shan kunu a kan gafiya?"

Dakta, da ba ta taɓa kyarma a gaban farfesoshi ba, ta rasa inda za ta sa fuskarta. Aikin shekaru ya narke, amma ba shi ya hana ta zuwa coci jiya ba. Kunya ce.

Marigayiya ta bar sitabilaiza ɗaya mai daidaita mata wuta, da ɗalibar Dakta, Vivian, wadda digirinta ya tsaya cak, da wari da har yanzu bai bar baranda ba.

'Yan jari bola za su ɗauki gawa gobe da safe, ta ƙofar baya. Za a zauna makoki a gida daga nan. An tanadi shinkafa da zoɓo mai yawa, ko da yake Dakta ta san ba mai taɓawa.