Mangwaron Malam Sallau

A Funtuwa akwai wani malamin firamare, Malam Sallau, mutumin kirki wanda ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Sai dai Allah ya jarrabe shi da abu biyu: hannunsa ba ya iya zama, kuma bai yarda da mallakar gida ba. Shekarunsa sun doshi hamsin, furfura ta fara leƙowa ta ƙarƙashin hula, sa'o'insa kowa ya kafa ɗan abin da ya samu ko da ɗaki biyu ne na laka, shi kuwa yana nan a gidan haya, kuma da hujjojinsa. In aka taɓo maganar a majalisa sai ya gyara zama. Wai ɗan haya sarki ne, in maƙwabci ya dame shi ya naɗe tabarmarsa ya ƙara gaba, mai gida kuwa sai haƙuri har mutuwa ta raba. Wai kuma ɗan haya ba ruwansa da gyara, yana sharar barci mai gida na can yana tunanin kwano da siminti. Wannan hujjar ta biyu ya fi so, kuma yawanci yakan faɗe ta ne da busasshen siminti a farcensa.

Don kuwa Malam bai taɓa shiga gida ya bar shi yadda ya same shi ba. Tun kaya ba su gama sauka ba zai hau sama ya toshe yoyo. Ya sauko ya yi daɓe, ya fasa makwarara, ya ɗaure bakin rijiya, ya bi bango da farar ƙasa. In ya gama duk wannan sai ya kawo babban aikin: ya dasa mangwaro mai aure a tsakar gida, ya kewaye shi da tsofaffin bulo saboda awaki, ya mayar da gindinsa wurin alwala don kada ruwa ya tafi a banza. Yadda yake lallashin bishiyar nan, ko ɗan fari sai haka.

To, shekarar da mangwaro zai yi fure, gida ya fito fes, sai mai gida ya biyo ta layin ya tsaya yana kallon gidansa kamar bai taɓa ganinsa ba. Ba a daɗewa sai ga saƙo: a yi haƙuri a nemi wani wurin, ɗan mai gida zai yi aure, a nan zai zauna. Ba wanda ya san yadda abin yake, amma 'ya'yan masu gidajen Funtuwa ba sa tashin aure sai mangwaron Malam ya yi fure. Har akwai wani Alhajin da kowa ya san 'ya'yansa duk mata ne, shi ma da furen ya fito sai ga shi da ɗa namiji mai neman aure.

Mai kawo saƙon kullum mutum ɗaya ne, Mati dillali, kuma ba ya zuwa hannu rabbana. Da hannun dama zai miƙa notis, da na hagu ya nuna wani gidan da ya ce an yi shi don Malam. Dillalan garin sun daɗe da gane bakin zaren. Duk wanda ke da kango yana son ya zama gida ba ya neman magini, Mati yake nema ya ce a samo masa Malam Sallau. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wadda abin ke ci ita ce matarsa, Laure. Ta ɗaure kaya ta kwance har kwallayenta sun gama ɓarewa, gilashin kabad ɗinta ya fashe tun a ƙaura ta biyu, gadonta na aure kuwa sai an sa masa dutse yake tsayawa. Duk wannan ta shanye. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne, ita ke korar awaki, ita ke sharar ganye, amma ba ta taɓa kai ɗan mangwaro ɗaya na tsakar gidanta baki ba. Kullum in ta yi magana sai ta ce masa kayan aro ba ya rufe katara, shi kuma ya ce ai duniyar ma aro ce.

Wata rana Malam ya sayo mangwaro binta-siga a bakin tasha, ya zauna yana sha ruwan na bin gwiwar hannunsa, yana ta yabo, wai duk wanda ya dasa wannan ya san abin da yake yi. Da ya koma washegari ya tambayi mai tiren inda yake sarowa, sai ya ce daga gidan wani Alhaji a Tudun Wada, mai rijiya a bakin ƙofa. Gidan da suka bari ne. Da wani ne da ya ji kunya ya yi shiru, amma ban da Malam. Da murnarsa ya dawo ya ba Laure labari, ya ce wannan shi ake kira sadaka mai gudana. Laure ta ce ita dai ba ta taɓa jin sadakar da mai bayarwa ke komawa ya saya har da neman ragi ba.

Ana nan sai dama ta samu. Abokin aikinsa, Malam Tukur, ya yi ritaya zai koma garinsu, ya sa ƙaramin gidansa da ke bayan layin dogo a kasuwa, ya ce Malam Sallau ya fara yi wa tayi saboda zaman tare. Kuɗi kuma ba matsala ba ce a wannan karon, don an sayar da gonar gadon su Malam Sallau, kasonsa na ajiye bai taɓa ba. Sharaɗi ɗaya ne, Malam Tukur na son amsa bayan sallar Juma'a, in ba haka ba akwai wani mai jira da kuɗi a hannu. Laure ta yi ta addu'a har da azumin nafila, don ta san in wannan ta wuce, a gidan haya za su tsufa.

Malam ya je ya ga gida. Ya duba sama, ba yoyo. Ya ƙwanƙwasa bango, lafiya lau. Ya zuba ruwa a tsakar gida, ya bi makwarara ya fice abinsa. Ya girgiza ƙyaure, ko motsi. Sai ya ji jikinsa ya yi sanyi, don ya zaga gidan nan kaf bai ga inda zai sa hannu ba. Ya fito yana ce wa Malam Tukur gida ya yi kyau, Allah ya sa albarka, zai yi shawara, amma a ransa yana ta tara laifi: wurin ya yi nisa da majalisa, ba a ja wuta ba tukuna, jirgi in ya zo wucewa zai hana mutum barcin rana, ko da yake rabon da jirgin ya wuce shi kansa ba zai iya tunawa ba.

A makon ne kuma mangwaron gidan da suke ciki ya yi fure, fari sol, ƙudan zuma na ta shagali. Ranar Alhamis da la'asar sai ga sallamar Mati. Bayan gaisuwa ya sunkuyar da kai kamar mai ta'aziyya, ya ce ɗan Alhaji mai gidan ne Allah ya kawo lokacinsa. Kafin Malam ya ce uffan ya ɗora da cewa amma akwai wani gida a tsakiyar gari, taku kaɗan zuwa majalisa, ya ɗan sha jiki dai, sai mai ido ne zai gane darajarsa.

Suka je. Rabin rufin ya yaye, katangar baya ta kwanta, tsakar gida ciyawa har gwiwa, ga wata tunkiya ta haihu a ɗakin girki. Malam ya tsaya a tsakiya ya riƙe ƙugu, ya ji wani farin ciki ya taso masa tun daga ƙafa. Tuni a ransa ya gama daɓe, ya tada katanga, har ya fara shafa farar ƙasa. Ya ce wa Mati kada ya ba kowa sai ya ji daga gare shi. A hanyar dawowa ya ratse lambu ya sayi dashen mangwaro a baƙar leda, ya rungumo shi kamar jariri.

Ya tarar da Laure a tsakar gida tana naɗe faranti da tsummokara, don ta ji sallamar Mati, kuma ta san abin da ke biyo bayanta. Ta ɗaga kai ta dubi ledar, ta dubi mai ledar.

Ta ce, "Malam, gobe fa Juma'a. Me za ka ce wa Malam Tukur?"

Ya ce, "Laure, sayen gida ba abin gaggawa ba ne. Ki bari ki ga wanda Mati ya samo mana. Fili kamar na ƙwallo, ga shi a tsakiyar mutane. Mai gidan kuma dattijo ne, ya ce mu zauna har illa masha Allah."

Ta ci gaba da naɗe farantinta. Shi kuwa ya ɗauka maganar ta shige ta, sai ya ajiye dashen a gabanta, ya gyara masa ganye.

Ya ce, "Ke kika fi ni sanin inda inuwa ke daɗi. In mun je, ki nuna mini inda zan dasa shi."

Ta ce, "Wannan karon, Malam, a baro za ka dasa shi. In ɗan mai gida ya tashi aure, sai mu tura abinmu mu yi gaba."