Shuɗin Ranka-ya-daɗe Darakta

Garinmu ya yi dace da darakta. Wasu garuruwan suna da gidan tarihi, mu kuwa muna da mutumin da gidan tarihi ke alfahari da shi. Ranar da ya kama aiki ya zaga ɗakuna bakwai cikin minti goma, ya fito ya ce ya gano matsalar gidan: mutane na shigowa.

Ya magance ta. Ya sa igiya gaban kowane zane, ya ƙara wata gaban ta farkon. Tsofaffin tukwane da takubba da saƙe-saƙen da suka cika ɗaki na huɗu ya tura su sito, ya mayar da wurin ofishinsa, domin ɗakin ne mafi iska, kuma ƙwaƙwalwa irin tasa tana buƙatar iska. Ma'aikata suka raɗa masa suna Kar-a-taɓa, don ko gaisuwa za ka yi sai ka tsaya bayan igiya.

Iliminsa kuwa ba a magana. Ya taɓa zuwa kwas na mako biyu a ƙasar waje, ya dawo da tabarau da wata irin ajiyar zuciya da yake yi gaban zane kafin ya buɗe baki. Idan aka tambayi asalinsa, sai ya ce mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, babban jami'in sadarwa ne.

"Fasaha a jini take," in ji shi. "Ni ba kallon zane nake yi ba, zane ne ke kallona."

Wata rana, yana neman inda aka jefa tsohuwar fankarsa a sito, ya yi tuntuɓe da wani allon katako. Kawuna uku ne a jiki, kowanne da irin askinsa, sai wani shuɗin fenti da ya kwararo daga kan na tsakiya har ƙasa. Darakta ya cire tabarau, ya mayar, ya yi ajiyar zuciya.

Mai kula da sito, dattijuwar da ta shekara ashirin da shida tana kakkaɓe kayan nan, ta ɗauko littafin rajista.

"Ranka ya daɗe, allon shagon aski ne. Da aka rushe tsohuwar kasuwa aka kawo shi. Ga shi nan a rubuce."

"Baiwar Allah, ke ƙura kika sani. Wannan aikin wani gwani ne da tarihi ya manta, ni kuma na tono shi."

Da ta sake cewa allon aski ne, sai ya ba ta takardar tuhuma kan raina fasaha, ya ce bayan ziyarar kwamitin amintattun gidan za a mayar da ita bakin ƙofa tana yaga tikiti. Ta karɓa ta ninke ta sa a jaka. Saura mata shekara guda ta yi ritaya.

Aka yi wa allon firam, aka rataye shi shi kaɗai a babban zaure, fitila uku na haska shi. Darakta ya ba shi suna "Kawuna Uku da Kukan Duniya". A ƙasa aka rubuta cewa ba a san mai zanen ba. Sunan wanda ya gano shi kuwa, daga bakin titi ana iya karanta shi.

Ranar ziyarar kwamitin amintattu, tun da safe wata mata mai tsohon mayafi ta zauna a bencin ƙofar ofis. Yayar darakta ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta zo gaya masa Inna ta kwana uku tana tambayarsa, shi kuma ba ya ɗaga waya. Ya aika sakatare ya ce mata ta jira, yana da manyan baƙi. Ta jira awa biyu, ƙafarta ta yi tsami, sai ta tashi ta bi ayarin baƙin a baya.

A zaure darakta ya tsaya gaban allon, ya goya hannu.

"Kawunan nan uku su ne jiya da yau da gobe," in ji shi. "Amma ku dubi shuɗin nan. Nan ne gwanintar take. Hannun da ya saki wannan layi ya san baƙin ciki, ya san kaɗaici. Shekara arba'in na tunani ne suka zubo lokaci guda. Na kwana bakwai ina nazarinsa, kuma ina gaya muku, ba kowace ƙasa ke haifar irin wannan hannu ba."

'Yan kwamiti suka gyaɗa kai. Ɗaya har ya rubuta.

"Ikon Allah," in ji wata murya daga baya. "Auta, ashe allon Baba nan ya ƙare?"

Aka waiwaya. Darakta ya nemi sakatare da ido, sakatare ya dubi silin.

"Hajiya, kin san zanen ne?" shugaban kwamiti ya tambaya.

"Yo ba a tsakar gidanmu aka yi shi ba? Babanmu mai zanen allon shaguna ne, rabin kasuwar nan shi ya rubuta. Wannan na mai askin layinmu ne. Ku juya bayansa, za ku ga ɗan tsuntsun da yake sawa maimakon suna."

Mai kula da sito ba ta jira umarni ba. Ta tsallake igiya biyu, ta sauke allon ta juya shi. Ga tsuntsu nan.

"To shuɗin fa?" in ji shugaban. "An ce mana tunanin shekara arba'in ne."

Yaya ta dubi ƙanenta da tausayi.

"Shekararsa huɗu a lokacin. An jingine allon ya bushe, shi kuma ya hau kujera zai ɗauko ƙwallonsa, ya ture gwangwanin fenti. Kwana biyu Baba ya yi yana zanen allon nan, sannan ya juyo ya zane shi."

Wanda ya yi rubutu ɗazu ya soke abin da ya rubuta. Darakta ya buɗe baki, ajiyar zuciya kaɗai ta fito.

"Ka je ka ga Inna," in ji Yaya, ta gyara mayafinta ta fita.

Kwamiti mutane ne masu adalci. Suka janye takardar tuhuma, suka ce a mayar da tukwane ɗaki na huɗu, allon kuma ya ci gaba da zama a zaure, amma a gyara bayanin ƙasansa. Mai kula da sito ce ta buga sabon da hannunta, layi biyu kacal: zanen uban darakta, ɓarin darakta.

Shekara goma sha ɗaya ya yi a kujerar nan, kuma wannan ne kaɗai aikinsa da gidan ya ga ya dace a nuna wa jama'a.