Wanda Ya Koya wa Sabuwar Manhaja Suma

Wani ne, irin masu rubuta manhajar kwamfutar nan, ya shekara biyu ba aikin yi. Abin da ya rage masa a unguwa shi ne gyaran wayar maƙwabta, ladansa kuma "Allah ya yi albarka". Rannan sai rabo ya kai shi wani kamfanin aika kaya, masu ɗaukar kwali daga wannan gari su kai wancan.

Mai kamfanin ya zaunar da shi, ya juyo masa da fuskar kwamfuta.

"Ka ga manhajar nan tamu ta intanet? A nan muke rajistar duk kwalin da ya shigo. Shekararta goma sha biyu. An ce min harsashin da aka gina ta a kai ya tsufa, waɗanda suka ƙera shi ma sun daina waiwayarsa. Za ka iya kwashe ta ka mayar kan sabon harsashi?"

"Yallaɓai, ko daga barci aka tashe ni."

"Madalla. Zan yi tafiya ta wata uku. In na dawo na ga aiki, takardar ɗauka ta dindindin taka ce. In ban gani ba, ƙofar da ka shigo tana nan. Sannan ka ji da kyau: kada ma'aikacina ko ɗaya ya kawo min ƙararka. Na tsani ƙorafi."

Gogan naka ya koma gida baki har kunne. Kafin ya cire takalmi matarsa ta kira mahaifiyarta a waya.

"Mama, an gama! Ya zama injiniyan kamfani."

"Ke, gwaji ne fa," ya ce da ita ƙasa-ƙasa.

"Ai na riga na faɗa. Sai ka san yadda za ka yi."

A gaskiya dai mutumin ya iya aikinsa, kada a ci haƙƙinsa. Wata biyu yana kai, ya kwashe komai tsaf ya ɗora kan sabon harsashi. Manhaja ta fito fes, sauri kamar walƙiya. Ya kashe tsohuwar, ya yi mata fatan alheri, ya nufi teburin sakatariya yana taku ɗai-ɗai.

"Anti, danna ki ga ikon Allah."

Ta rubuta sunan mai kwali, ta danna "Adana". Kafin ta ɗage yatsa an gama. Ta kalli allo, ta kalle shi. Ta sake dannawa. Ta ƙara. Sai da ta danna sau bakwai.

Da la'asar sai ga direba ya shigo sharkaf da gumi.

"Takarda ta ce kwali bakwai, ni ɗaya na gani! Na sauke motar nan gaba ɗaya, har ƙarƙashin kujera na leƙa!"

Anti ko a jikinta. Ta ce, "Laifin Injiniya ne. Ni ban ga abin nan mai juyawa ba."

"Wane abu, Anti?"

"Ɗan zoben nan da ke juyawa a tsakiyar allo. In yana juyawa na san tana tunani. Wannan taka ko tunani ba ta yi. Abin da ba ya tunani ta yaya zai riƙe amanar kayan mutane?"

"Ai sauri ne, Anti."

"Sauri ya haifi nawa. Bari dai Yallaɓai ya dawo."

Jin an ambaci Yallaɓai, mutumin naka ya tuna kashedin da aka yi masa. Ya tuna takardar ɗauka, ya tuna surukarsa.

"Haba Anti, abin bai kai nan ba. Minti nawa zoben yake juyawa?"

"Ni ban taɓa ƙirgawa ba. Nakan dai tashi in ɗebo ruwan zafi, in gaisa da mai gadi, in dawo. Ina zama yana tsayawa."

Ya ɗauki agogo ya bi ta a baya. Minti uku da daƙiƙa arba'in, domin mai gadin ba ya sakin mutum sai ya tambayi kowa na gida har kyanwa. Ya dawo ya zauna, ya rubuta wa sabuwar manhaja umarni: in kin gama aiki, ki yi shiru, ki juya zobe minti uku da daƙiƙa arba'in, sannan ki faɗa. Ya haɗa da mayar da tsohon launi mai ruwan toka, don Anti ta ce farin yana kashe mata ido.

Washegari aka ce Baba mai sito yana nemansa. Ya tarar da kwalaye jibge har bakin ƙofa, Baba zaune a kan buhu ya harɗe hannu.

"Baba, lafiya? Me ya hana kaya fita?"

"Na'urarka ce ta lalace, ɗana. Kore take nuna min."

Ya leƙa. Allo ya rubuta da koren rubutu: "An kammala."

"Ai daidai ne, Baba. Kore yana nufin komai ya tafi lafiya."

Baba ya girgiza kai. "Shekara goma sha biyu ina sito ɗin nan, ban taɓa ganin kore ba. In aiki ya shiga, ja take kawowa, ta ce 'An samu matsala'. Sai in danna sau biyu, in ɗan bugi gefen teburi, takarda ta fito. Wannan koren ban san shi ba, kuma ba na sakin kayan mutane a kan abin da ban sani ba."

"Baba, wancan jan fa kuskure ne. Kwana huɗu na yi kafin na gano inda yake na cire shi."

"To mayar da shi inda ka gan shi. Da tsohuwar zuma ake magani. In kuma ba za ka iya ba, Yallaɓai yana hanya."

Ya mayar. Da hannunsa ya rubuta "An samu matsala" da jan rubutu, ya saita shi ya riƙa fitowa duk lokacin da babu matsala. Baba ya danna sau biyu, ya bugi teburi, takarda ta fito.

"Yauwa! Yanzu ka fara iya aiki."

Gogan naka ya ɗauka ya tsira. Sai ranar Laraba.

Tun bayan azahar ya lura ba mai amsa gaisuwarsa. Direbobi na hararsa. Anti ta juya masa ƙeya. Can sai ga wata mata ta shigo da kular abinci a ka, ta dire ta a kan teburinsa, dab da kwamfuta.

"Kai ne sabon injiniyan?"

"Ni ne, Hajiya."

"Me na yi maka?"

"Ni? Yau na fara ganinki."

"Kowace Laraba ƙarfe sha biyu na'urar gidan nan takan suma. Awa guda cur. Kowa ya fito tsakar gida, in zuba musu, a ci a yi hira. Shekara goma ke nan, da cinikin nan na yaye 'ya'ya uku. Yau na zauna har ƙarfe biyu, ko kare bai leƙo ba. Aka ce wai kai ka yi mata magani."

Direba ya cafe daga bakin ƙofa. "Mu ma ai mutane ne, Injiniya. Na'ura ma ta san a huta, sai kai?"

Mutumin naka ya buɗe baki zai yi bayani, ya ga Anti ta ɗauki waya tana neman lamba. Ya ce, "Ku ba ni zuwa Laraba mai zuwa."

Nan fa ya gane cewa gyara ba shi ne wuya ba. Sabon harsashin nan an yi shi ne don kada ya faɗi. Ya kashe manhaja, ta tashi da kanta. Ya sake kashewa, ta sake tashi, har da aiko masa saƙo wai kada ya damu, ta warware matsalar. Ya toshe nan, ta ɓullo can. Sai da ya yi kwana shida yana kokawa da ita, ya rame, ya bar aski, matarsa ta fara tambayarsa ko aikin injiniya dama haka yake cin mutum. A rana ta bakwai, ƙarfe sha biyu daidai, allo ya yi fari fat.

Ofis ya kaure da tafi. Mai abinci ta zuba masa kyauta, har da ƙarin nama. Rabon da ya ji daɗi irin na ranar tun ɗaurin aurensa.

Wata uku suka cika. Mai kamfani ya dawo, kuma Allah da ikonsa ranar Laraba ce, sha biyu saura kwata. Gogan naka ya sha sabuwar riga wadda matarsa ta goge tun asuba, surukarsa kuma tana gida tana jiran waya.

Mai kamfani ya tara ma'aikata. "Akwai mai ƙorafi a kan bawan Allahn nan?"

"Ko ɗaya, Yallaɓai," in ji Anti. "Mutumin kirki ne."

"Ba ya taɓa abin da ba nasa ba," in ji Baba mai sito. "Komai yana nan yadda ka bar shi."

"To madalla. Mu gani."

Ya ja kujera ya zauna gaban allo mai ruwan toka. Ya rubuta suna, ya danna "Adana". Zobe ya fara juyawa. Mutumin naka yana tsaye a bayansa yana ƙirga daƙiƙa a zuci, kuma zoben bai ƙara ko ɗaya ba. Mai kamfani ya danna a fitar da takarda. Jan rubutu ya fito: "An samu matsala." Mutumin naka ya gyara wuyan riga. Agogon bango ya buga sha biyu, allo ya yi fari fat, ma'aikata suka miƙe suka nufi tsakar gida. Komai ya tafi daidai, ko kuskure ɗaya babu.

Mai kamfani ya yi ajiyar zuciya, ya juyo, ya dafa kafaɗarsa.

"Ka gani da idonka ko? Wannan azabar ce ta sa na ɗauko ka. To, yaushe za ka fara?"